Mita Arba'in da Ɗaya a Komadugu

"...da gajiyar hanya? A'a, Falmata ce! Ku ba ta wuri, mai ambaliya ta iso!"

Grema ke nan, yana tsugune a bakin kogin Komadugu yana gyara wa injin ban ruwansa mazauni. Falmata taubashiyarsa ce, tana aiki a wani ofishin noma a Difa. Makon da ya wuce ta zuba awon kogin na shekara goma sha biyu a cikin kwamfuta, na'urar ta zana mata lanƙwasasshen layi, ta rubuta lissafinsa a gefe. Falmata ta kwafa ta buga, sai ga amsa: bana ruwa zai kai mita arba'in da ɗaya. Cikin ruɗewa ta faɗa a gaban dangi, har yau ana yi mata dariya.

"Bawana, tashi ka gaishe ni," in ji ta.

"Ina zan iya? Jirgi nake sassaƙawa. Ke da kwamfutarki ku shiga, ni da awaki mu biyo ku."

"Ka gama? Ɗauke injin nan, ka mai da shi tudu."

"Wa? Ni? Shekara goma sha tara ina noman tattasai a nan. Akwatin da bai taɓa jiƙa ƙafa ba, ba zai koya mini kogi ba!"

"Kai ma ba ka cika jiƙa jiki ba, tun daga titi nake jin shaida."

"Faɗa mini, mita nawa ne yau? Ɗari?"

"Huɗu da santimita talatin."

"Kai! Sauran talatin da bakwai ɗin fa? Shanun Bosso suka shanye?"

Falmata ta zaro takarda daga jaka.

"Saurara, ko da yake kanka kabewa ne. Layin da kwamfutar ta zana daidai yake. Lissafin da ta rubuta a gefe ne ta guntule. Lambar da ke da jela har goma sha huɗu bayan waƙafi, sai ta nuna mini huɗu kawai. Ni kuma ina ninka ta da shekara, dubu biyu da shida, har sau uku. Ɗan abin da ta yar, shi ya zama dutse. Na sa ta fito da lambobin duka."

"Ashe ita ma ɓarauniya ce, irin danginku."

"Dangina uwarka ce, ka yi a hankali."

"Ba zan ɗauke ba! Wanda ya yi mini ƙarya sau ɗaya, ko sallama ya yi sai na duba."

"To duba. Ba kai ke sarar gorubar can duk shekara inda ruwa ya tsaya ba? Ban taɓa auna ta ba. Takardata ta ce tsakanin saran bara da na bara waccan, santimita ashirin da shida ne."

"In ba haka ba fa?"

"In yaga ta a gabanka, in kira ka ubangidana ranar kasuwa."

Grema ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe. Ta ba shi igiyar awo, ya ɗora a jikin gorubar da kansa. Ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa.

"Nawa?"

"Igiyarki ta miƙe."

"Nawa, Grema?"

"Ashirin da bakwai. Kin faɗi da ɗaya!"

"Ɗayan nan karkatar gatarinka ce. Yanzu ƙara rabin mita a kan saran bara, nan sabon lissafina ya ce ruwan bana zai kai."

Ya ɗaga igiyar. Ya dubi inda yatsansa ya tsaya, ya juya ya dubi injin. Injin da bai kai wata biyu da saye ba, yana can ƙasa sosai.

"To baɗi fa, malama?"

"Ban sani ba. Layin nan in ka ja shi nesa, hauka yake yi. Na bana ma ban rantse ba. Amma in injina ne, ba zai kwana nan ba."

Grema ya naɗe hannun riga, ya rungumi injin yana nishi, ya nufi tudu. Da ya dire shi, ya kwance ƙunshin bandar kifin da ya zo da shi don abincin rana, ya miƙa mata.

"Ungo. Ni dai rana ce ta dami injina na ɗauke shi. Kar in ji wata magana a gari."

"Ai tun kafin in taso na faɗa wa Kaka za ka ɗauke. Tana can ta tara mata suna jira."

Grema ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa.

"Allah ya isa! Ci kifinki, uwar ɗakina."