Filasmar Kalilu Ta Rasu da Hoto a Fuska

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai auna abin da zai furta, Malam Kalilu mai gidan kallo na bayan kasuwar Sabon Birni yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar talabijin ɗinsa, wadda kowa ya sani da Filasma. Ta rasu ranar Laraba bayan la'asar, a bayan shago, a hannun mai ita.

Marigayiya 'yar Kwatano ce, ta Maraɗi ta shigo. Sai da ƙarti suka haɗu kafin aka ɗora ta a bango. Tana da zafin jiki, tana da shan mai, janareto bai taɓa hutawa a zamaninta ba. Amma a wajen hoto babu mai ja da ita daga nan har Isa. Baƙinta baƙi ne ƙirin, korenta kamar gero ya sha ruwa, ɗan wasa na gudu kana ganin zufar wuyansa. Wanda ke gefen benci da wanda ke tsakiya abu ɗaya suke gani. In an kunna ta takan ce "ƙyas", ta yi ɗan gurnani, sannan ta buɗe ido.

Ciwon ajali ya fara ne da kaka. Usaini, ƙanen Kalilu, ya koma Gatawa yankan gero, 'yan bindiga suka kwashe su a gona, shi da wasu. Shiru, shiru, sai wani bidiyo ya fara yawo a wayoyi: mutane zaune a ƙasa ƙarƙashin itace, kawuna a sunkuye. Mahaifiyarsu, Inna Fatu, idonta ya yi rauni, ta kasa gane kowa a fuskar waya. Kalilu ya sa mata bidiyon a Filasma, ya tsayar da shi daidai inda wani ya ɗago kai.

"Shi na," in ji ta. "Ga tabon goshinai. Bar min shi nan, Kalilu, kak ka kashe."

Labari ya bazu. Mata da tsofaffi daga ƙauyuka suka riƙa zuwa neman nasu a hoton. Kwana da kwanaki marigayiya na tsaye kan hoto ɗaya daga safe zuwa magariba. Kalilu ya san irinta ba ta son haka, tun ranar saye aka gargaɗe shi. Ya duba uwarsa a bencin gaba, ya kasa taɓa rimot.

Ranar da aka koma kallon ƙwallo, hoton ya ƙi tafiya. A kan koren fili ga inuwar kawuna a jere, ga Usaini a tsakiya, 'yan wasa na gudu ta cikin ƙirjinsa. Can a kusurwar dama kuma ga wani a tsaye da bindiga, rawani ya zame masa daga fuska. A waya ba wanda ya lura da shi. Filasma kuwa, da kaifin hotonta, ta fito da shi har gibin haƙori. Mutum ne da ake gaisawa da shi a kasuwa. Babu wanda ya ambaci sunansa. Masu kallo dai sukan shigo, ido ya faɗa kusurwar dama, sai kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

Kalilu ya kira Mas'ud mai gyara, wanda ya biyo ayarin motocin kasuwa daga Isa da addu'a a baki. Ya bar ta kan yayyafin tashar da ba hoto, ya bar ta kan farin haske yini guda, ya buɗe bayanta ya rufe.

"Wanga ba ciwon wayoyin ciki ba na, Malam," in ji shi. "Gilashin ya ƙone. Hoton ya zama jikinta." Bai tsaya shan ruwa ba ya nemi mota.

Ranar Laraba wani baƙo mai tsaftataccen kaftani ya shigo, ya zauna shi kaɗai a gaba. Ana wasa, amma ba ƙwallo yake kallo ba. Da zai fita ya tsaya a ƙofa yana gyara hula.

"Malam Kalilu, wagga talabijin taka ta cika surutu. Ina labarin ƙanenka? Allah shi maido shi lahiya."

Kalilu bai taɓa ganin mutumin ba. Ya zauna a benci har Inna Fatu ta iso kamar yadda ta saba, don ta zauna da inuwar ɗanta. Ya faɗa mata komai. Sannan ta tashi, ta ɗora tafinta a gilashin mai zafi, daidai goshin Usaini.

"Yi abin da za ka yi," ta ce. "Za ni waje."

Shi kaɗai ya sauke ta, ya ja ta zuwa bayan shago, ya ɗauko guduma. Daga kusurwar dama ya fara. Kalmarta ta ƙarshe "tas" ce. Inna Fatu ta tsinci guntun tsakiya, tana juya shi a rana, babu komai a ciki sai baƙin gilashi. Ta naɗe shi a gefen zane ta tafi da shi.

Marigayiya ta bar rimot mai ɗaurin roba, da dikoda, da janareto wanda ya yi shiru tun ranar, da bencina da ƙura ta fara hawa. Game da Usaini kuwa, wani da ya kuɓuto daga daji ya ce ya bar shi da rai. Iyakar abin da aka sani ke nan.

Za a binne ta gobe da hantsi a ramin bayan shago, ba za a sayar wa 'yan gwangwan ko ƙusa ɗaya ba. Ba a buƙatar taro, ba zaman makoki. Mai niyyar addu'a ya yi ta a ɗakinsa, ya sa sunan Usaini da waɗanda ke tare da shi. Duk wanda aka tambaya me ya gani a fuskar marigayiya, iyalai na roƙonsa don Allah ya ce ƙwallo ya gani.