Ranar da Na Karɓi Amaryar Mutanen Baure

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanena Sadiku a garin Babban Mutum ba. Mahaifinmu ya rasu, baffanmu da ya kamata ya tsaya ya tafi Umara, sai dangi suka ce tunda ni ne babban wa, ni zan zama wakilin ango. Na ji daɗi ƙwarai, har sabuwar shadda na ɗinka. Aikin ba wani mai yawa ba ne: in nemi auren, waliyyin amarya ya ce "na ba shi", ni kuma in ce "na karɓa". Mako guda ina bitar kalmomin nan biyu, har a kan babur.

Matsalar ita ce waliyyin, Baffa Audu, manomi ne da ba ya wasa. Da ƙyar ya amince da maganar, don a ganinsa mu 'yan cikin Daura ba mu da natsuwa. Shekara biyu Sadiku yana zarya kafin a ce masa ya turo manya. "Yaya, don Allah ranar nan ka kama kanka," in ji shi (ni da na koya masa hawan keke!).

Ana saura kwana uku tari ya kama ni, irin wanda in na yi kaji ke watsewa a tsakar gida. Matata ta haɗa zuma da lemun tsami, ta dafa citta da kanumfari, tari ko gezau. Na fara hango kaina a gaban liman ina "na kar... na kar...", Baffa Audu yana girgiza kai.

Da safiyar Juma'a na biya kemis ɗin Madam Ngozi, 'yar ƙabilar Ibo da ta daɗe a unguwarmu, Hausar bakinta ta fi tawa. Ta miƙo mini kwalbar maganin tari na ruwa, ta ɗaga yatsa.

"Baban Hafsa, murfi ɗaya za ka sha. Ɗaya tak, ka ji? Yana sa barci."

A mota na buɗe kwalin, ɗan murfin awon ya suɓuce ya shige ƙarƙashin kujera. Na laluba ban samu ba. Sai idona ya faɗa kan fulas ɗin shayin da matata ta haɗo ni da shi. Na ce ai murfi murfi ne. (Har na ƙara wa kaina hujja irin ta masu ilimi: ƙaramin murfi na ƙaramin tari ne.) Na tsiyaya kusan rabin kwalbar a murfin fulas ɗin na kurɓe. Kafin mu isa, tari ya tsaya cak, ina ta sa wa Madam albarka.

Bayan sallar Juma'a aka sanar cewa aure uku za a ɗaura a zama ɗaya, namu ne na ƙarshe. Aka jawo mu wakilai gaba kusa da liman, abin magana yana ajiye a kan darduma daidai gwiwata. Fanka tana kaɗawa, liman ya fara nasiha, ni kuwa idanuna kamar an ɗora musu buhun gero. Na ce bari in ɗan sunkuyar da kai kamar mai tasbihi.

Daga nesa, can cikin barci, na ji an ce, "Na ba shi."

Na zabura na ce, "Na karɓa!"

Lasifika ta kwashi muryata ta kai har bakin titi. Masallaci ya yi tsit. Ashe auren farko ake ɗaurawa, na waɗansu mutanen Baure. Wakilinsu, wani dattijo mai farin gemu, yana nan baki buɗe, na riga shi maganarsa. Sanƙira kuwa da ke waje ba ya ganin ciki, har ya fara shela: "An bayar, an karɓa!"

Liman ya sauke tabarau ya dube ni. "Malam, wa ka karɓa wa?"

Dattijon ya ce, "Allah ya gafarta malam, to mu da muka kawo goro sai mu koma haka nan?"

Jama'a suka fashe da dariya. Na hango Sadiku ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Baffa Audu kaɗai bai yi ko murmushi ba, kallona kawai yake. Barci ya gudu, kunya ta rufe ni. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaron nan aure da bakina.

Liman ya sake na mutanen Baure daga farko, aka yi na biyu, aka zo kanmu. Na nema wa ƙanena aure. Baffa Audu ya ce, "Na ba shi." Ni kuma tsoro ya hana ni amsawa. Na juya wajen liman na yi ƙasa da murya (na manta da abin maganar nan).

"Allah ya gafarta malam, wannan tamu ce?"

Nan Baffa Audu ya kasa daurewa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. "Taku ce, ɗana," in ji shi yana share ido. "Karɓi abarku kafin ka koma barci."

Na karɓa, a hankali, aka shafa fatiha.

Yau 'ya'yan Sadiku biyu, kuma duk gidan surukansa babu wanda Baffa Audu yake nema kamar ni. Sai dai har gobe a Babban Mutum sunana Malam Na Karɓa. Madam Ngozi kuwa ba ta ƙara sayar mini da magani ba tare da ta nuna mini murfin da yatsa ba.

Tun daga ranar, in tari ya zo mini a cikin taro, yin abina nake. Iyakarsa a ce mini sannu. Ban taɓa jin tari ya karɓi matar wani ba.